Yaro Ke Wasa Ko Mota Ke Wasa?

Mai karatu, akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin iyaye mata, ko a gidan suna, ko a gidan biki, ko a layin awo: "Wai don Allah me zan saya wa yaron nan ya zauna wuri ɗaya in samu in yi aiki?" Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ya san ba son jiki ne ke kawo tambayar nan ba. Ga tukunya a wuta, ga wanki an jiƙa, ga kuma ɗan tatata ya riƙe gefen zani yana kuka, in an sauke shi ya nufi murhu, in an janye shi ya nufi randa. Baiwar Allah ba ta neman komai illa minti 10 ko 20 da yaro zai duƙufa a kan abinsa, ita ma ta duƙufa a kan nata.

To, kasuwa ta daɗe da ba da tata amsar. Ka shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano ana gobe Salla, ko ka tsaya a danja masu talla su zagaye ka, za ka ga amsar da idonka: mota mai batir da ke kunna wuta ja da shuɗiya tana jiniya, wayar roba da ke magana in an danna, ɗan fiyano mai kiɗa da kansa, 'yartsana mai kuka, da kare mai kaɗa kai. Mafi yawansu daga ƙasar Sin ake shigo da su, inda yankin Chenghai na birnin Shantou ya yi suna a duniya wajen ƙera kayan wasa. Ba ni da rigima da mai ƙerawa, ba ni kuma da rigima da mai sayarwa, kowa abincinsa yake nema. Rigimata da alkawarin da kayan nan ke yi wa iyaye ne, wato wai za su riƙe yaro. A nawa ganin, cikin duk abin da ake miƙa wa yaro ƙarami su ne suka fi saurin saɓa wannan alkawari, kuma ina da dalilaina.

Mu ɗauki motar nan mai batir mu auna ta. Abu nawa yaro zai iya yi da ita? Ɗaya. Ya danna. Da ya danna, sauran aikin nata ne: ita ke tafiya, ita ke juyawa in ta ci karo da bango, ita ke waƙa, ita ke walƙiya. Shi kuwa mai motar yana tsaye baki buɗe kamar wanda ya zo kallon hawan Salla. Ranar farko ya yi murna, ya yi tsalle, har maigida ya ce kuɗina sun yi rana. Rana ta biyu ya danna sau uku ya wuce. Kafin mako ya zagayo an gan ta a ƙarƙashin gado, ko batir ya mutu ta zama gawa, domin tayoyinta a haɗe suke da inji, ko turawa ba ta yi da daɗi. Dalili kuwa a fili yake: yaro ya riga ya gama karanta ta. Abin da ta yi jiya shi za ta yi yau, shi za ta yi gobe, babu abin da hannunsa zai ƙara ko ya rage.

Akwai kuma wani abu da na sha lura da shi a gidaje. Lokacin da yaro ya fi daɗewa da irin wannan mota shi ne ranar da ya fara ɓalle ta. Sai ka gan shi ya yi tsit, ya cire taya, ya leƙa ciki, ya zura yatsa, ya gwada mayarwa. Mu manya sai mu ce ɓarna, har a kai masa duka. Alhali kuwa in an duba da kyau, ranar ce motar ta fara ba shi abin yi.

Kafin a yanke wa kowane abin wasa hukunci, ya kamata a san aikin da ke gaban yaro a waɗannan shekaru. Ku zuba masa ido na yini ɗaya. Zai cika kwano ya juye, ya sake cikawa ya sake juyewa. Zai buɗe murfi ya rufe. Zai kwashi takalma daga bakin ƙofa ya kai tsakar gida, ya dawo da su. Zai ɗora wannan a kan wancan ya ture. Zai yar da cokali daga kan gado ya leƙa ya ga inda ya faɗi, a miƙo masa ya sake yarwa. In ya doshi shekara biyu sai kwaikwayo ya shigo, ya tuƙa tuwon da babu, ya kara takalmi a kunne yana "alo", yarinya ta goya ludayi. Duk wannan gwaji ne yake yi wa duniya, yana son ya san me ke shiga cikin me, me ke da nauyi, me ke ƙara, me ke mirginawa. Saboda haka ma'aunina guda ɗaya ne tak: abu nawa yaro zai iya yi da wannan abu? In amsar ɗaya ce, a bar wa mai shago kayansa. In amsar ba ta ƙirguwa, to an samu abin wasa.

Yanzu a ɗora ƙoƙo da ludayi a kan wannan ma'auni. Ƙoƙo ɗaya kwano ne, hula ne, ganga ne in an kifa, jirgi ne in an samu ɗan ruwa, gidan ƙwallon goruba ne, mota ce in an tura. Murfin tukunya guda biyu sun isa a tayar da maƙwabta. Robobi masu girma daban-daban da ke shiga cikin juna, yaro zai yi ta gwada su har sai ya gano wace ce uwa wace ce 'ya. Babban kwali kuwa, irin wanda ake zuba taliya ko sabulu, ba ni jin akwai abin da ya kai shi: a shiga, a fita, a ɓuya, a cika shi da tarkace, a ja shi. Kada wani ya ce wannan maganar talaka ce mai neman rufin asiri. A birnin Rochester na Amurka akwai gidan tarihin wasa mai suna Strong, inda duk shekara ake zaɓen kayan wasan da suka fi tasiri a shigar da su jerin girmamawa. A 2005 suka shigar da kwali, a 2008 suka shigar da sanda, wato icen nan da yaro ke tsinta a ƙasa, a 2021 kuma suka shigar da yashi. Mutanen da kamfanonin kayan wasa suka cika ƙasarsu ke nan. Mu da muke da dokin kara da tuwon ƙasa tun kaka da kakanni, ba mu da dalilin jin kunya.

Wata Baturiyar Ingila ma, Elinor Goldschmied, wadda ta yi aiki da yara marayu a Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan wannan ta gina koyarwarta. Ga jaririn da ya fara zama, ta ce a cika masa kwando da kayan gida na gaske, irin su cokalin katako da gwangwani da zobban labule da lemo da ƙyalle, a bar shi ya zaɓa da kansa. Ga wanda ya fara tafiya kuwa, a ba shi tarin irin waɗannan kaya tare da mazubai, babba ya zauna kusa ya yi shiru, kada ya nuna masa yadda ake yi. Littafin da ta rubuta tare da Sonia Jackson ya fito a 1994, kuma gidajen renon yara da yawa a Turai sun ɗauki tsarin. In ka karanta bayanin sai ka yi murmushi, domin abin da kakanninmu ke yi ne a gindin murhu, sai dai su ba su rubuta ba.

Masu sayar da kaya masu magana suna da wata hujja, wai abin na koya wa yaro baki, yana ƙirga masa ɗaya biyu uku, yana faɗa masa sunan dabbobi. Da farko dai, cikin wane harshe? Sannan yaro ba daga lasifika yake ɗaukar magana ba, daga bakin mutumin da ke kallonsa yana amsa masa yake ɗauka. Wata malama a Jami'ar Arewacin Arizona, Anna Sosa, ta gwada wannan a wani bincike da aka buga a ƙarshen 2015. Ta bai wa iyaye 26 masu yara 'yan wata 10 zuwa 16 kaya iri uku, masu batir da na gargajiya da littattafan hoto, aka naɗi muryoyinsu a gidajensu. Da kaya masu batir, kalmomin iyaye sun tsaya wajen 40 a minti ɗaya, da na gargajiya wajen 56, da littattafai kuwa wajen 67. Yaran su ma sun fi yin gwaranci da littafi a kan abu mai batir. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da hankali ke nunawa: in abin wasa ya karɓe magana, mutanen ɗakin sai su yi shiru.

Sai batun yawa. Akwai gidan da in ka shiga ɗakin yara ba ka samun wurin sa ƙafa, amma yaron gidan shi ne ya fi kowa ƙorafi. Masu bincike a Jami'ar Toledo ta Amurka sun gwada yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, sakamakon ya fito a 2018. Kowane yaro an sa shi a ɗaki mai kayan wasa 4, wata rana kuma a ɗaki mai 16. A ɗakin da kaya suka yi kaɗan yaran sun fi daɗewa a kan abu ɗaya, kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. A ɗaki mai 16 kuwa sai taɓa wannan, saki, taɓa wancan, kamar baƙauye a kantin zamani. Darasin ba ya cin ko kwabo: a fito da uku ko huɗu, a ɗaure sauran a buhu a ɗora kan sif. Bayan mako biyu a musanya. Wanda aka ɓoye in ya dawo, sabo ne a idon yaro.

Na san mai karatu na jira in zo kan babbar maganar, wato waya. Gaskiya ne, babu ƙoƙo babu kwali da zai sa yaro shiru kamar yadda katun a YouTube ke sa shi, wannan ya ƙare wancan ya hau da kansa, uwa ta gama tuwo ta gama miya ba a ji motsinsa ba. Amma shiru iri biyu ne, kuma wajen fita ake bambance su. A 1907 Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum. Ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 da ta duƙufa tana zura 'yan guntayen katako a ramukansu tana cirewa. Aka sa sauran yara waƙa, ba ta ɗago ba. Aka ɗaga ta da kujerarta aka ɗora a kan tebur, ta ci gaba. Sai da ta maimaita fiye da sau 40 sannan ta tsaya don kanta, ta dubi jama'a cikin fara'a kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi. To, ku gwada karɓe waya daga hannun yaro bayan awa ɗaya ku ga ko haka zai fito. Birgima ce da ihu da jifa, domin shi bai ƙoshi ba, kuma abin ba a yi shi don a ƙoshi ba. Wancan shiru na mai aiki ne, wannan kuwa na wanda aka riƙe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Ba na zargin uwar da ta miƙa waya ranar da abubuwa suka cakuɗe mata, wanda bai yi reno ba shi ke ganin sauƙinsa. Abin gudu shi ne ta zama ita ce amsar kullum, domin yaron da ya saba a yi masa wasa, ranar da aka ba shi ƙoƙo sai ya tsaya yana jiran ƙoƙon ya fara.

Kada kuma a ɗauka cewa nake duk abin da ke tsakar gida lafiya ne, duk na kanti kuma sharri ne. Zuma ma da zaƙi da harbi. Yaro a wannan shekaru da baki yake bincike, saboda haka tsakuwa da gyaɗa da murfin kwalba da duwatsun wuya da ƙwandala ba nasa ba ne. A dokar Amurka, duk abin da zai shige cikin bututu mai faɗin santimita 3.17 ba a yarda a sayar da shi a matsayin abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba. Mu a gida sai mu ce, in zai shige bakinsa gaba ɗaya, a kawar. Gwangwanin madara a duba bakinsa, in da kaifi a daddage shi ko a yar. Leda da fasasshen balan-balan suna toshe numfashi. Bokiti mai ruwa ko kaɗan ne, yaro na iya kifawa ciki da ka ya kasa fita. Ƙasar wasa ma a san wace ce: a 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidajen da suke rarrafe. A ɓangaren kayan kanti kuwa, mafi haɗari shi ne ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓallin riga. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin, don haka asibiti ake nufa nan take. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa mai juyawa ba, bai kamata ya kwana a gidan da ke da ɗan yaye ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai tana iya ci.

In kuma maigida ya ƙudura lallai sai ya sayo tsaraba, ai akwai na kirki. Ƙwallo mai girma, kofunan roba masu shiga cikin juna, mota marar batir wadda sai an tura, littafin hoto mai kaurin takarda, da bulon roba manya irin Duplo da kamfanin Lego ya fitar a 1969 musamman don ƙananan hannaye. Mai ƙaramin ƙarfi ya je wurin kafinta ya roƙi guntayen katako, a yanka su daidai tafin hannu, a goge su su yi santsi, kada a shafa musu fenti. Guda 20 za su yi wa yaro shekaru, yau gida, gobe masallaci, jibi tasha, har ƙanensa ya gada. 'Yartsana ma a zaɓi marar murya. Wadda ke kuka da batir kuka kawai ta iya, marar baki kuwa yarinya ce ke yi mata kukan, ta yi mata rarrashin, ta yi mata faɗan, ta ba ta amsa da irin muryar da ta ji a bakin uwarta. Motar kara da ta langa-langa, waɗannan aikin yayye ne 'yan shekara bakwai ko takwas, amma ƙaramin da ke tsugune yana kallon yadda ake ƙera su ya ga abin da ba a gani a kanti, ya ga cewa mota hannu ne ke yin ta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. A da yaro ba ya rasa mai ɗauka. Gida babba ne, ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan uwa, ga yaran maƙwabta, wasansa a tsakiyar mutane yake. Yau ma'aurata da yawa suna zaune su kaɗai a ɗaki biyu na haya, miji ya fita tun safe, uwa ga aikin gida ga sana'a ko aikin ofis, shi ya sa ake neman abin wasa ya maye gurbin mutum biyar. Babu wanda zai iya, ko nawa aka saye shi. Yaro ƙarami ba ya sakin jiki ya yi wasa shi kaɗai sai in ya san uwarsa na nan kusa, yana ɗagowa ya gan ta ya koma. In aka rufe shi a ɗaki da kayan duniya, ƙofar zai yi ta duka. Saboda haka a shimfiɗa masa tabarma inda zai hango ki, nesa da wuta, a ba shi 'yar tukunyarsa da muciyarsa yayin da kike tuƙa taki. In ya nutsa, don Allah a ƙyale shi. Kada a ce "kawo in nuna maka", kada a gyara masa ginin da ya karkace, kada ma a katse shi da kirari. Kuma kada a sa rai da awa guda. Minti 5 ne yau, wata rana 10, a hankali abin ke tsawo, kamar yadda tafiyarsa ta fara da taku biyu.

Ga ku iyaye maza, 'yan'uwana masu cefane, nasan daɗin da ke cikin shigowa gida da abu mai walƙiya yaro ya rugo da gudu. Amma kafin ka miƙa kuɗin, ka juya abin a hannunka ka tambayi kanka, in na kai wannan gida, wa zai yi wasan, ɗana ko shi? Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. In ka ga abin ya iya komai da kansa, to bai bar wa ɗanka komai ba, gara ka sayi sabulu katan guda, uwargida ta samu na wanki, yaro ya samu kwalin.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba iyaye mata ladan reno, Ya kuma ba mu ikon gane abin da zai amfani 'ya'yanmu. Amin.